Zaman Inuwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Ina fata kin daina wankin tsugune da likita ya hana ki, ko da yake na san halinki, ba a gaya miki ki ji.

Saƙonki ya iso, wai na yi girman kai na daina zuwa gaishe ki. Yaya, ina ni ina girman kai? A kwance nake rubuto miki wannan, takarda a kan tire, tire a kan ƙirjina, shi ya sa za ki ga rubutun kamar tafiyar kaza.

Tun bara abin ya faru a siton siminti inda muke dako. Ina hawa katakon da muke bi mu shiga tirela, buhu a kafaɗa, sai katakon ya goce. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ban je ofis na faɗa ba, kuma babu wanda ya ce in je. A wurinmu duk wanda ya kai ƙarar ciwo, sai a ce masa ya je ya huta, kafin ya dawo wani ya sa rigarsa. Don haka muna da abin da muke kira zaman inuwa. Akawu ba ya ƙirga buhun mutum ɗaya, na rukuni yake ƙirgawa a raba. In ɗayanmu ya ji ciwo, sai a ajiye shi bakin ƙofa yana ɗinke buhunan da suka fashe, sauran su ɗauke rabonsa har ya warke. Ni ma na sha ɗaukar wa wasu, ban taɓa jin nauyinsa ba.

Shugaban rukuninmu, Baba Ƙugiya, shi ya shimfiɗa mini kwali da hannunsa. Kullum da safe Shiru, ɗan rukuninmu, yake zuwa ya ɗauke ni a babur. Mun sa masa Shiru ne don bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin abinci. Gajere kuwa sai ya wuce ni da buhu biyu yana tsokanata, wai na zama tela, in ɗinka masa wando. Wata da watanni suka yi haka, babu wanda ya taɓa ɓata fuska.

Ƙugun bai warke ba. Ƙafar hagu ta fara mutuwa, yau yatsu, gobe dunduniya. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙashi ne ya danne jijiya, sai an yi tiyata, in aka daɗe ƙafar za ta tafi ba dawowa. Na ce alhamdu lillahi, ai ga inshorar da ake yanka mana a albashi tun ina saurayi. Na cika takardu na kai.

Amsarsu ta zo a takarda mai kyau, har da tambari, cewa ba za su biya ba. Wai ban kai rahoton haɗari ba, kuma sunana a rajista ya nuna ban fasa aiki ko rana ɗaya ba. Wai ma a daidai lokacin aka ba rukuninmu lambar yabo ta ƙwazo, ga hotona a bangon ofis ina murmushi. Gaskiya ne, Yaya. Don kada a gane da gurgu a cikinsu, mutanen nan sun yi aikin da ya fi na kowa.

Yanzu dai magana tana kotu. Ƙungiyarmu ta haɗa ni da wata lauya mai saurin magana. Ki sa ni a addu'a. Maman yara tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Man zafin da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Ƙamshinsa ya kori sauro, ciwon dai yana nan.

Kin tambaya yaya shari'a. An ɗage. Aka sake zama, lauyan kamfanin inshora bai zo ba, aka ɗage. Aka sake zama, ya zo amma bai zo da takardarsa ba, aka ɗage. Su ba sa sauri, ba ƙafarsu ba ce.

Lauya ta hana ni ko tsayawa bakin ƙofa, wai kamfanin na turo masu ɗaukar hoto a ɓoye, in suka gan ni tsaye sai su ce ga shi garau. To ga ni a ɗaki. Na haddace rufin nan, na san inda ruwa ya yi masa zane, na san ƙadangaren da ke leƙowa ta taga da hantsi. Ni da nake sauke tirela kafin rana ta take, yau sai an juya ni kamar jariri. Ran nan ƙaramar 'yata ta miƙo hannu in ɗaga ta, na ce ta je wurin uwarta. Na juya fuska bango don kada ta ga idona.

Ga abin da ya hana ni sakat. Lauya ta ce hanya ɗaya ta rage: in kawo waɗanda suka ɗauki rabona su faɗa wa alƙali da bakinsu. Amma a dokar sito, a biya mutum aikin da bai yi ba zamba ce, kuma hukuncinta kora, har da wanda ya rufa. Wato in ƙafata za ta tsira, sai na cire abinci daga bakin mutanen da suka ciyar da ni.

Maman yara ta ce aiki ana samun wani, ƙafa ba a sayar da ita a kasuwa. Ita kuwa ke tashi da ni ta kwantar. Baba Ƙugiya ya zo ya ce in rubuta sunansa kada in ji komai, amma duk maganar da takalminsa yake yi, bai dube ni ba. Shiru ya zo ya zauna har ya tashi bai haɗa kalma goma ba, abin ya fi ba ni tsoro fiye da hoton likita. Matar Gajere kuma ta zo dubiya da 'ya'yanta gaba ɗaya, ta jera su a bakin gado daga babba zuwa na goye, ta ce su gaishe da baffansu. Ba ta roƙe ni komai ba. Ina ma ta zage ni.

Na yi ta ja wa lauya rai, in ce gobe, in ce jibi. Sai shekaranjiya Maman yara ta ga jini a tabarma ta yi salati. Ashe ƙusa na taka a hanyar banɗaki, ta shige tafin ƙafata, ban ji komai ba. Da la'asar na kira lauya na ba ta sunaye uku.

Kada ki ce na yi daidai, kada kuma ki ce na yi laifi, duka biyun ba zan iya ji ba. Ki gaishe da maigidan.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya yara, ya ƙoƙari. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, zuciyata ba ta da sarari.

An yi zaman. Kotun a bene take, na'urar hawa kuma ta lalace, sai da na ja jiki da sanda, Maman yara na tallafe da ni, muna hutawa a kowane kwana. Da na shiga na tarar da manajan sito a layin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, biro a hannu. Ba a kira shi shaida ba, zuwa kawai ya yi ya zauna inda kowa zai gan shi.

Aka kira Baba Ƙugiya. Lauyan kamfani ya tambaye shi ko ina zuwa aiki kullum, ya ce ina zuwa. Lauyata ta tambaye shi wa ke ɗaukar rabona. Sai ya ce shi tsoho ne, kuma cikin ƙurar siminti ba a gane fuskar kowa. Shiru ya ce shi a cikin tirela yake tsayawa, ba ya ganin bakin ƙofa. Gajere ya ce an daɗe, ba ya tunawa. Mutumin da ya ce in ɗinka masa wando, Yaya.

Alƙali ya ce babu hujja, ya kori ƙarar. Lauya ta ce za mu ɗaukaka, amma da na tambaye ta yaushe, sai ta hau gyara takardunta. Ba zan ɓoye miki ba, a lokacin da ina da ƙafa da na tashi na shaƙe wani a cikinsu. Na ƙudura a raina har abada ba ni ba su.

Muka fito. Zaman benci ya ƙarasa ni, ƙafar ta ƙi ɗaukata ko taku ɗaya. Na tsaya a saman matakala na riƙe ƙarfe, mutane na ratsa mu suna wucewa, Maman yara na waige-waigen wanda za ta roƙa. Sai na ji an ajiye kujera a bayana. Su ukun ne. Suka zaunar da ni, Baba Ƙugiya ya yi kiran da yake yi in za a ɗaga kaya mai nauyi, suka ɗaga ni sama. Shi da tsufansa ya karɓi ƙasa, inda nauyin yake, yana sauka da baya, fuskarsa daf da gwiwata, hawaye na bin gemunsa. Manaja ya zo wucewa, suka raɓe jikin bango da ni a hannu suka ba shi hanya, har suna yi masa barka da rana.

A haka suka sauke ni har bakin titi, ko girgiza ban yi ba. Suka sa ni a mota, suka koma sito da gudu don kada a yanke musu yini.

Ki zo, Yaya, don Allah ki zo. Ƙafar ta fara sirancewa, wando na yi mata yawa. Ina kwance da fushi cike da ciki, na rasa wanda zan ɗora wa, domin da ni aka kira a gaban manajan nan, na san abin da suka faɗa shi zan faɗa.

Wassalam. Ƙaninki mai kewarki,
Auta