Rijiyar Hammu Ta Tarar da Dutse

Zuwa ga Yaya Bassu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Itto da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan a sanyin Faransa. Mu nan garin Alnif sai godiya. Inna tana shan shayinta, amma idanun sun ƙara rauni, ko ƙofar gida ba ta fita.

Yaya, maganar rijiya ce. Tun da ruwan kwari ya ƙafe, dabinon da Baba ya bar mana ke bushewa. Wata biyar mijina Hammu yana haƙa. Ya wuce jan yashi, ya wuce yumɓu, a zurfin gaba goma sha biyu ya tarar da baƙin dutsen nan da masu sassaƙa ke gogewa su sayar wa baƙi, cike da halittu masu kama da ƙaho da dodon koɗi. Sati uku yana dukansa har tafin hannunsa ya tsage.

Wata malamar jami'a mai zuwa auna duwatsu ta leƙa ramin. Ta ce nan duk gindin teku ne tun kafin a yi mutum. Laka ce ta riƙa kwanciya kan matattun halittu shekaru miliyoyi, nauyi ya danne ta har ta zama dutse, daga baya ƙasa ta motsa ta ɗago shi. Ta ce hannu ba zai huda shi ba, kuma ba ta sa ran ruwa a ƙarƙashi. Hammu ya yi dariya, ya ce wato ya haƙa har teku bai samu na alwala ba. Inna ta ce rana ce ta bugi malamar. Ni ban iya dariya ba.

Na gaji, Yaya. Ruwan da nake ɗaukowa a jaki bishiya shida kawai zai riƙe. Gonar tamu ce mu biyu, shi ya sa nake neman yardarka in bar sauran, har da dogon nan da Baba ya dasa ranar sunanka. Gaskiya tun watan jiya na daina ba shi ruwa. Kullum Inna tana tambaya ko ya yi ’ya’ya bana, ni kuma ina ce mata ya yi.

Ka gaishe da Itto, da yara Zaid da Hadda. Hammu yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Tuda