Akwalar da Muka Yi wa Farin Fenti

Lahadi, 9 ga Maris

Na sayar da goɗiyata, na sayi mota. Ni da na rubuta ma sai da na sake karantawa.

Jif ce tsohuwa ta Japan, sitiyari a dama, sa'ar ƙanena Ernis a shekaru. A bayan gidan wani mutum muka same ta a garin Naryn, kaji sun mai da ita wurin kwana. Ata, wato babana, shi ya yi cinikin, don in mace ta buɗe baki a kan mota sai kuɗin ya hau. Mai ita ya ɗaga burodi, yadda ake rantsuwa a wurinmu, ya rantse injin lafiya ƙalau, batir ne kawai ya mutu. Da sunan Ata za a rubuta ta, tunda takarduna har yau suna Tokmok, gidan mijin da na baro.

Motar ciyawa ce ta jawo mu har gida. Na gaji da zama likitar dabbobin da ke isowa bayan saniya ta mutu. Bana in makiyaya suka hau tsauni, a kan taya zan bi su.

Talata, 11 ga Maris

Maƙwabta sun zo kallo. Wani ya tambaya ko allura zan yi mata ko yanka ta za a yi. Na ce ya dawo ranar da tunkiyarsa ta kasa haihuwa, sai mu yi maganar yanka.

Asabar, 22 ga Maris

Mun buɗe injin. Baƙin man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya daɗe yana shiga. Wato mutumin nan ya dubi idona, burodi a hannunsa, ya shara ƙarya. Na zage shi har sai da Apa, uwata, ta leƙo ta taga ta ce in ji tsoron Allah.

Ata ko a jikinsa. Ya tuɓe riga ya ce a kawo sifana. Direban babbar mota ne a zamanin gonar gwamnati, hannunsa bai manta ba, idon ne ya ja baya. Shi ke faɗa, ni ke kwancewa. Tun da na dawo gidan nan da akwatina bai taɓa yi mini magana mai tsawon ta yau ba. Duk a kan gasket ne da noti, amma magana ce.

Laraba, 2 ga Afrilu

Farcena ya fita. Saura lagireto, kuloci, da ƙafar gaba. Ata ya ce ina da hannu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Sagynbek ya zo, uban yarinyar da Ernis zai aura. Ƙaton mutum, in ya yi dariya sai ka ga haƙoran zinare. Ata ya rasa inda zai sa shi. Sanyin bana ya cinye mana dawakai, kowa ya sani, ga dukiyar aure za a kai ƙarshen Mayu, a wurinmu kuwa da dawakai ake kai ta. Da aka zo maganar sai Ata ya yi ta shafa gemu.

Kafin ya tafi ya tsaya a tsakar gida, ya zagaya motar, ya buga taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ina kwance a can, giris har gira. Ya ce wa Ata, "Toktosun, ai wannan 'yar taka ta fi namiji." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na buɗe masa bonet ina yi masa bayani kamar ɗalibar da ke son maki. Sun daɗe su biyu a bakin ƙofa, ni kuwa na koma ƙarƙashi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ta tashi.

Ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sannan ta daidaita. Ina zaune riƙe da sitiyari, sai ga hawaye. Ata ya buga bodin da tafin hannu, ya zo ya sumbaci goshina ta taga. Rabon da ya yi haka tun ina makaranta. Ya ce, "Burul, 'yata, kin fitar da ni kunya." Ban gane wace kunya ba, amma na karɓa.

Asabar, 10 ga Mayu

Rigima a kan fenti. Ni dai na ce a bar ta da tsatsarta, dutse da kashin shanu za ta yi ta bi. In ma dole ne, kore nake so. Ata ya kafe sai fari, ya ce shi zai biya mai fentin. Mutumin da ke miƙe tsohuwar ƙusa don kada ya sayi sabuwa!

Apa kuma ta zauna tana ɗinka wa kujerun shimfiɗar ulu mai zanen ƙahon rago, irin wadda ake yi wa ɗakin amarya. Na ce mata raguna marasa lafiya zan riƙa ɗorawa a kai. Ba ta ɗago ba, ta ce in miƙo mata almakashi.

An yi farin. Ta yi kyau, abin haushi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Kiran farko da ita. Saniya a tsallaken kogi, maraƙi ya juya a ciki. Na sa ƙaramar giya na ratsa ruwan, na isa tana numfashi, na baro su biyu a tsaye. Na gaya wa makiyayan su sa ido a kan tsauni watan gobe, zan zo rigakafi, kuma bana ba wanda zai jira ni har mako.

A hanyar dawowa na yi waƙa. Ba kowa, shi ya sa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Zan rubuta yadda aka yi, don kada gobe a ce mini ba haka ba ne.

Yau aka kai dukiyar aure. Tumaki suka tafi a motar kawu. Ata ya ce ni zan tuƙa shi da dattawa a jif, mutane su gani. Ni na wanke ta da safe, ni na duba mai da ruwa, ni na kai ta har ƙofar Sagynbek. Da muka sauka Ata ya ce in ba shi makulli, wai ko za a so a matsar da ita. Na ba shi.

Aka ci nama, aka raba kan rago, aka yi ta jawabi. Sai Ata ya miƙe. Ya ce shekarar ta zo da wuya, dawakan da ya yi niyya ƙasa ta cinye, amma ba zai shigo gidan mutunci hannu rabbana ba. Ya zaro makullin. Har an ɗaura masa jan zare, ban san yaushe ba. Ya ce ga dokin ƙarfe, ya miƙa wa Sagynbek.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Aka ɗaga hannu za a yi addu'a, ni ma na ɗaga. Wannan ne ke ci na yanzu: na ɗaga hannuna, na shafa, na ce amin tare da kowa. Wata tsohuwa kusa da ni ta matsa mini gwiwa ta ce Allah ya yi mini albarka, 'yar'uwa ta gari.

Abin da aka bayar a gaban surukai ba ya dawowa, in ba auren ake so a kashe ba. Ata ya san na sani.

A bayan motar kawu na dawo, inda tumakin suka tsaya.

Litinin, 26 ga Mayu

Tabon mai a tsakar gida. Kaji sun koma wurin.

Laraba, 28 ga Mayu

Na tsare Apa tana kwaɓa fulawa. Tun yaushe? Ta yi ta juye-juye, sannan ta ce tun ranar da Sagynbek ya leƙa ƙarƙashi. Shi ya nema, shi kuma ya ce fara yake so. Ashe duk abin da ya biyo baya, kuloci, birki, ranar da ta tashi, sumbar goshi, leburanci nake yi wa mai haƙoran zinare, ubana yana miƙo mini sifana. An yi mini sakiyar da ba ruwa a cikin gidanmu. Mai rantsuwa da burodi ma ya fi, shi ai ba ubana ba ne.

Na sami Ata a garke. Na ce me ya hana ku tambaye ni? Ya ci gaba da gyaran igiya.

"Da na tambaye ki, za ki ba da?"

Na ce ban sani ba.

"To ni na sani. Ernis ne auta, gidan nan nasa ne, sunana shi zai riƙe. Ke kuwa yau kina nan, gobe wani ya zo ya sake ɗauke ki, ki tafi da motar. Ƙarfe ne, Burul."

Ban yi kuka a gabansa ba. Ba ƙarfen nake wa ba ma, amma wa zan gaya wa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ernis ya bugo daga Bishkek. "Yaya, wallahi na zaci da saninki." Wataƙila gaskiya ne. Bai dai ce zai yi wani abu a kai ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na sauko daga tsauni a kan dokin aro mai ciwon baya. Na yi rabin garkunan, sauran an kira wani daga Naryn. Makiyayan sun tambayi farar motar. Na ce tana gidan miji, suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

An yi bikin ba na nan. Apa ta ce wa mutane aiki ne.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ruwa tun safe. Ata ya shigo ɗakin girki ina ni kaɗai, abin da bai saba ba. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya tsufa a 'yan makonnin nan, ko kuwa ni ce ban daɗe ina kallonsa ba. Ya yi zancen ruwa, ya yi na ciyawa. Can ya ce ya ji labarin wata jif a Kochkor, injinta ya buga, za a bayar da arha. Wai in ina so mu je mu gani, mu biyu. Wannan karon da sunana.

Na ce Allah ya kai mu.

Ya tura mini kofinsa. A wurinmu ba a cika wa wanda ake so kofi, kaɗan-kaɗan ake zuba masa don ya daɗe yana miƙowa. Wanda ake so ya sha ya tashi ake cika wa. Na zuba, sai na ga shayin ya kai baki, har yana rawa.

Ya dube shi, ya dube ni. Ya ɗauka da hannu biyu don kada ya zube, ya shanye da zafinsa, ya sa hularsa ya fita cikin ruwan.

Ba da gangan ba ne, ina ji. Butar ce ta yi nauyi.