Gicciyen da Na Mayar Ba a Wurinsa Ba

Zuwa ga ɗiyata, Sarauniyar Tambaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Ni ma lafiya, sai gwiwa da ta hana ni hawa benen ƙararrawa.

Na ji daɗin wasiƙarki. Kin ce za ki kawo yarinyar ta ga cocin da kika tashi a ciki, da kabarin kakarta. Cocin yana nan. Ki nuna mata bangon gabas, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa suka gina da hannunsu bayan sun tashi aiki, shekara ɗari da goma ke nan. Har yau ana ganin shatin yatsunsu a jikin tubali. Ki nuna mata bencin baya, inda kike sa ni zufa da tambayoyi.

Tsohuwar makabarta kuwa, kin san ta zama tashar mota.

Naki,
Malamin ajin Lahadi.

Ɗiyata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida. Kin ce na amsa komai ban da zancen kabarin. Halinki bai canza ba.

Kin tuna shekarar da cocin ya cika tamanin? Ina saurayi, ina ji da karatuna. Na ga gicciyen ƙarfe na makabarta sun yi tsatsa, sai na kwashe ku 'yan ajina ranar Asabar, muka tumɓuke su duka, sittin da uku, don mu yi musu fenti. Baba Mai Ƙararrawa, wanda ya san kowane kabari da ka, ya ce mini, "Malam, ka cire layi ɗaya, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba." Na yi dariya, na ce ai ga shi nan zai nuna mana.

Ranar Litinin ya faɗi, bakinsa ya mutu. Bai ƙara magana ba har ya rasu. Littafin coci yana da sunaye, amma ba ya faɗin inda kowa yake kwance.

Na mayar da gicciyen duka bisa cinta, ba da sanin wurin kowa ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Kina da shekara tara, ke kika yi wa na mahaifiyarki fenti. Da na kafa shi a tsakiya, kika ja rigata kika ce ba nan ba ne, kusa da famfo ne. Na ce kin cika tambaya.

Da aka zo faɗaɗa titi, aka kwashe waɗanda danginsu suka zo zuwa sabuwar makabarta, aka bar sauran. Gicciye aka bi wajen gane kabarin kowa. Mahaifinki ya yi shekara goma sha biyu yana share kabarin da ban san na wa ba ne, ina kallonsa, ban faɗa masa gaskiya ba. Na kusa da famfo, ba wanda ya zo dominsa.

Ke kika yi daidai, ɗiyata. Ban isa in ce ki yafe ba.

Famfon ya daɗe da daina ruwa, amma yana nan jikin katangar tasha. Wani mai faci ne ke zama a wurin. Jiya na je na gaya masa komai. Ya janye tayoyinsa gefe, ya ce duk ranar da kika zo, zai tashi aiki da wuri.

Ki zo da yarinyar. Wannan karon ke za ki nuna, ni in bi ki a baya.

Naki,
Malamin ajin Lahadi.