Baranda Sau Shida

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Saƙonki ya iso: in ban yi tafiyar da likita ya ce ba, za ki kwashe ni zuwa gidanki, in bar ɗakin littattafaina. Ba inda za ni.

Shekara talatin ina koyar da lissafi, yau wata yarinya mai farar riga ke koya mini ƙirga taku. Wai tunda an tsaga ƙirjin, sai tafiya sannu-sannu, baranda sau shida, safe da yamma. Har da doka: in riƙa magana ina tafiya, in numfashi ya hana ni ƙarasa zance, to na yi sauri. Da wa zan yi maganar? Duniya ta daɗe da toshe kunnenta.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Duniya ta toshe nata, Mama fa? Maganata tana nan daram. Allah ya ƙara sauƙi.

Autarka.

Auta,

Muna lafiya. Mamanki ta karɓi aikin. Tana tafe a gefena, riƙe da matashin da nake rungumewa in tari ya taso. Ranar farko na karanto mata jadawalin lissafi: bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu. Ta ce, "Malam, ni ba ɗalibarka ba ce. Yi zance."

In na soma haki, sai ta tsaya cak kamar an dasa ta, dole in tsaya. Zance ya ƙare mini a mako na biyu, sai na tsinci kaina ina gaya mata yadda aka ba yaron da na koyar kujerar shugaban makaranta, abin da na haɗiye shekara goma sha biyu. Ta ce, "Na sani. Saura zagaye biyu."

Ban taɓa ganin malami irinta ba. Kada ki gaya mata.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Zan karya alkawari. Gwiwar Mama ta kumbura tun kana asibiti, an ce ta huta. Ta hana ni faɗa, wai in ka ji za ka fake da ita ka zauna. Ka yafe mini, kuma don Allah kada ka zauna.

Autarka.

Auta,

Na gode. Na ajiye mata kujera a tsakiyar baranda, inda za ta ji ni ko ta wane ɓangare. Ta yi faɗa, amma ta zauna. Matashin yana cinyarta. Yau sau takwas na yi, ina zuba kamar rediyo.

Ki bar gyaran ɗakin baƙinki. Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki.