Na Canza wa Motarka Shokazoba, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan muna godiya. Yarana sun koma makaranta, babansu har yanzu yana can inda aka tura shi aiki, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Baba yana gaishe ka. Jikin nasa dai yau da sauƙi gobe babu, wankin ƙodar kuma yana nan yadda ka bar shi, Litinin da Laraba da Juma'a, ni nake kai shi in dawo da shi.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ka, saboda a waya kullum kana sauri, ni kuma da na ji saurinka sai maganar ta cukuɗe min. Zancen motarka ne. Ranar da za ka tafi, da ka danƙa min makulli, ka ce in riƙa kai Baba asibiti da ita, amma kada in yarda a saka mata ko noti ɗaya in ba na kamfaninta ba. Na yi maka alkawari a lokacin. To Yaya, na saɓa, kuma gara ka ji daga bakina.

Kusan wata uku ke nan motar ta canza tafiya. In ta faɗa rami sai ta yi ta lilo kamar kwalekwale, in na taka birki sai ta kifa goshi, ga wani ƙwanƙwasa da ke fitowa daga gaba ta dama. Hanyar asibitin kuma an farfasa ta ana aikin magudanar ruwa, gargada ce tun daga shataletale har bakin ƙofa. Ni na ɗauka abin haƙuri ne. A madubi nakan hango Baba a kujerar baya, ya rungume hannun da ake soka masa allura a ƙirjinsa, ɗayan hannun ya damƙe maƙalin saman ƙofa, idonsa a rufe. Ka san yadda yake fitowa daga wankin nan, kamar tsumman da aka matse. Sau biyu yana amai a hanya, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Wata Laraba da safe na fito da shirina, na tarar da shi zaune bakin gado, takalmansa a gabansa bai saka ba. Ya ce ba zai je ba. Ya ce wankin bai gagare shi ba, hanyar ce ta gagare shi, duk ramin da muka faɗa a ƙashin bayansa yake jin sa. Sannan ya ce shokazobar motar duk huɗun sun mutu, ya daɗe da sani, mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙi ba sai an buɗe masa ƙasan mota ba, amma ya yi shiru don kada ya ƙara min kaya a kan wanda nake ɗauke da shi. Yaya, durƙusawa na yi na saka masa takalman da hannuna. Sai da na rantse masa kafin mako ya zagayo za a gyara sannan ya miƙe.

Ina ajiye shi a asibiti na wuce garejin kamfani kamar yadda ka umarta. Na yi awa biyu a zaune a ɗakin jiransu mai sanyi, kafin wani ma'aikaci ya duba kwamfuta ya ce motar ta kwana biyu, ba sa ajiye kayanta, sai an yi odarsu, kuma in an yi sa'a mako shida. Na lissafa a raina, zuwa goma sha takwas ke nan, dawowa goma sha takwas. Na kira ka sau biyu a tsaye a harabar wurin ba ka ɗaga ba. Ba ƙorafi nake ba, na san yanayin aikinka, ina dai so ka san ban yanke hukuncin ba sai da na neme ka.

Washegari na kai ta wurin Dogo, tsohon bakaniken Baba, wanda garejinsa ke bayan gidan mai. Ya tsufa yanzu, har ya fara sa tabarau. Ya danna gefen motar da hannu biyu ya saki, ta yi ta rawa ita kaɗai, ya ce lafiyayyiya sau ɗaya take tashi ta tsaya. Ya sa ni na sunkuya na ga yadda mai ya tsiyaye a jikin shokazobar ya kama ƙura, ya nuna min tayar gaba da ta cinye ta gefe guda. Ya ce na bayan ba su da wuya, amma na gaban a haɗe suke da sifirin, kuma a kansu nauyin gaban motar da sitiyari suke, don haka ba abin wasa ba ne. Da na gaya masa sharaɗinka sai ya yi dariya, ya ce ba duk abin da ba na kamfani ba ne jabu. Akwai masu kyau, akwai na tsakiya, akwai kuma waɗanda ko gida ba za su kai ka ba. Ya rubuta min irin da ya yarda da su a bayan wani kwali, ya tura ni layin masu kayan gyara.

Mai shagon da na shiga ya yi ta rantse-rantse cewa na motar ne sak. Na ɗauko, na dawo, na zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota ina kallo. Na baya suka hau lafiya. A gaba kuwa noti ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi motsi, Dogo ya zuba masa mai, ya buga, ya sa masa wuta, sai wajen la'asar ya saki. Da aka zo ɗaura sababbin, ramukan suka ƙi haɗuwa, bambancin bai wuce faɗin yatsa ba. Ashe na ƙirar wata shekarar ne aka ba ni. Ga mota a ɗage ba ƙafafun gaba, ga tsofaffin an riga an warware su, gobe kuma Juma'a.

Na koma shagon da kayan a hannu. Mutumin ya ce ai kwalin da aka buɗe ba ya dawowa. Ka san ni da ƙin roƙo, amma ranar na zauna a bencinsa na ce ba zan tashi ba. Na ba shi labarin Baba tun daga farko, a gaban mutanen da ban taɓa gani ba. Ya fita, can ya dawo ya ce maƙwabcinsa yana da na daidai amma a ma'ajiyarsa suke, sai gobe da rana. Har yanzu in na tuna zaman bencin nan sai kunya ta kama ni.

Ranar Juma'ar a motar haya na kai Baba. Direban ya yi ta gudu duk da roƙon da na yi masa, kuma duk da gudun mun makara, aka ɗora wani majinyacin a kan injin wankin da Baba yake hawa, muka yi awa uku a baranda muna jira. Baba kansa kawai ya jingina a kafaɗata. Shugabar makarantar da nake koyarwa ta kira ta ce kwana uku ke nan ajina ba malama, in faɗa mata gaskiya ko na gaji da aikin ne. Na ba ta haƙuri.

Asabar aka gama. Dogo ya sa aka daidaita mata ƙafafu, aka canza tayar da ta cinye, ya zagaya da ita ya dawo. Bai ɓoye min komai ba. Ya ce waɗannan sun ɗan fi na kamfani tauri, kuma ba lallai su kai su daɗewa ba, in kawo ta bayan mako biyu ya sake ɗaure notukan. Tsofaffin da kwalayen sababbin suna nan na ajiye maka a sito, ka gani da idonka.

Ranar Litinin Baba ya shiga ya zauna ya kasa kunne kamar mai ba ni jarrabawar tuƙi. Har cewa ya yi in bi ta cikin wani rami da gangan. Na bi, motar ta sauka ta tashi ta tsaya. Ya ce ba laifi, kai kuma ka san abin da ba laifi take nufi a bakin Baba. Da muna dawowa na yi masa magana na ji shiru, na waiwaya, ashe barci yake, bakinsa a ɗan buɗe, hannayensa duka biyu a kan cinya. Na kasa tashinsa. Na wuce ƙofar gida, na samu inuwa a ƙarshen layi na tsaya, na sauke gilashi. Kusan awa guda muna nan, shi yana barci, ni ina riƙe da sitiyari hawaye yana zuba, ban ma san na mene ne ba.

In ranka ya ɓaci a kan motar, ka yi haƙuri, in ka zo ka cire su ka sa waɗanda kake so. Amma Yaya, na gaji. Ba wani aike nake nema ba, abin da kake aikowa yana isa, Allah Ya saka da alheri. Hutu nake so ka nema, ko na mako biyu ne, ka zo ka karɓe ni. Likita ya ja ni gefe makon jiya ya ce zuciyar Baba ta fara rauni, wankin yana ƙara yi masa nauyi. Ban gaya wa Baba ba, kuma ban iya faɗa maka a waya ba. Kada ka ce sai ƙarshen shekara.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya yi amfani. Ka shafa min kan Mai Sunan Baba da 'Yar Lele da jaririn da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Gwaggo tana gaishe ku, yarana ma haka. Allah Ya tsare, Ya kawo mana kai da wuri.

Ƙanwarka,
Auta