Takaba a Bakin Teku

Kurayyat, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inno? Ta'aziyyarku ta iso, Allah ya ba da lada.

Kin tambayi abin da ya kashe maigidana. Yaya, dodon koɗi ne. Na san za ki ce ba ya kisa, tunda da shi muka yi wasa a bakin rafi. Na teku daban ne. Bayansa fari da ruwan ƙasa, da zane kamar na atamfa. Da rana yakan binne kansa cikin yashi a gindin duwatsu, inda ruwa ba zurfi, in duhu ya yi ya fito farautar ƙananan kifi. Akwai ƙaya a siririn bakinsa, da ita yake harbi.

Maigidana bai daɗe da fara tsinto ɓawonsu ba, yana kai wa wani mai shagon tsaraba. Ranar ya zaci babu komai ciki, ya jefa a aljihun gaban riga. A ƙirji ya harbe shi. Abokansa suka yi masa magani irin na harbin kunama, tafarnuwa da tofi, don ba mai iƙama, wato takardar zama, a cikinsu balle su nufi asibiti. Leɓensa ya mutu, numfashi ya yi ta raguwa har ya cika.

Yanzu ɗanki Othman ya ɗauki bokitin ubansa. In na yi magana sai ya amsa mini da Larabci cewa halas, wato ya isa haka, shi ya san abin. Ga ni cikin takaba, ba fita. Hankalina ba ya kwanciya sai na ji motsinsa a ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Bashira

Watan Sha'aban

Yaya Turai,

Ina gaishe ki, ina gaida Inno, da fatan jiki da sauƙi.

Makon jiya Othman ya wuce lokacin dawowa. Ban nemi shawarar kowa ba, na ja mayafi na shiga mota. Na same shi cikin ruwa iya gwiwa, yana laluben yashi da hannu. Da ya fito na zazzage bokitin, sai ga biyu suna motsi. Sai na zauna a wurin.

Ya ƙi barin aikin, wai ba mai ɗaukarsa wani aikin tunda ba shi da takarda. Tun ranar kullum nake bin sa, na kuma lura muddin ina zaune ina kallonsa, da ludayin ƙarfe yake ɗauka, ba da hannu ba.

Matan unguwa sun fara maganar mai takaba da ke yawon bakin teku. Don Allah ki tambayar mini Malam Na'ibi ko na ɓata takabata, ki rubuto mini yadda ya faɗa, kada ki sassauta. Amma ki sani, ko me ya ce, gobe ma zan bi shi.

Taki har kullum,
Bashira