Ba Zan Bari a Rage Littafinki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Farfesa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, ina sanar da ke cewa jami'arku za ta tattara maƙalun bincikenki a littafi guda. An samu mai ɗaukar nauyin bugawa, kuma ba kowa ba ne illa Alhajin da nake aiki a ɗakin gwaje-gwajen masana'antarsa ta jimar fata a Challawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a cire maƙalun da kika rubuta kan ruwan da masana'antu ke saki cikin kogi. Sai iyali sun amince, ni ce kuma babba, don haka maganar ta faɗo kaina.

Sauran aikin kam suna so. Wa zai ƙi? Kin ƙarar da rayuwarki kina bin yadda zuciyar ɗan tsako ke ginuwa tun yana cikin ƙwai, har masana a ƙasashen da ba ki taɓa takawa ba suna kafa hujja da sunanki. Wannan ɓangaren ba ya hana kowa barci.

Ina tuna ki a gidanmu na Dorayi, kina yanka 'yar taga a jikin ɓawon ƙwai da ɗan almakashi, ki ɗaga ni in leƙa. Wani ɗan jan ɗigo ne yake bugawa. Maƙwabta sun laƙaba miki Hajiya mai ƙwai, kullum suna tsokanarki da tambayar yaushe za a soya.

Ina tuna jarkokin da kike cikowa daga magudanar bayan masana'antu, motarki ta yi sati tana wari. Wasu ƙwayayen ki ɗiga musu ruwan rijiyarmu, wasu ruwan jarka. Na rijiya suka ƙyanƙyashe lafiya. Na jarka wasu baki a karkace, wasu zuciyar ta tsaya tun ba ta gama haɗuwa ba. Abin da kike yawan faɗa shi ne, "Ɓarnar halitta da sassafe take shiga."

Waɗannan maƙalun ba su samu ambato a waje kamar sauran ba, na sani. Amma su kaɗai kika zauna kika mayar da Hausa, kika bi matan masu lambu a Kumbotso gida-gida kina yi musu bayani, musamman masu juna biyu.

Jiya ƙaninki Kawu Sani, wanda ya samo mini aikin, ya zo gidana. Ya ce in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ya ce ba a jawo wa mamaci rigima, in bar ki ki huta. Na gaishe shi a durƙushe, na ba shi ruwa, ban musa masa ba. Sai dai albashin da na ci gumina na bayar a kansa, ban haɗa da uwata a cinikin ba. Kuma rigimar nan ke kika ɗauko ta da hannunki kina raye, ba ki taɓa neman a sauke miki ba.

Umma, akwai wata magana. Na san ba a faɗin irinta a bainar jama'a, balle a wasiƙar da za ta fito a jarida kamar wannan, kuma gwaggonnina za su ce na zubar da kunya. Ina ɗauke da jikanki. Kullum ina wucewa ta gefen magudanar nan zuwa wurin aiki, ina toshe hanci da mayafi, ina jin tsoro. Ina kewarki fiye da ranar da aka fitar da ke daga gida. Ke kaɗai za ki gaya mini abin da ke faruwa a cikina yanzu ba tare da kin ɓoye mini komai ba.

To, ga amsata, kuma na san Alhaji na cikin masu karantawa. Littafin ya fito cikakke ko kada ya fito. Ranar Litinin zan je aiki kamar kullum. In maigadi ya ce an hana ni shiga, zan juyo gida kaina a ɗage. Gara ɗan nan ya tashi a gidan da babu albashi da ya tashi ya ji uwarsa ce ta rufe bakin kakarsa.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa ilimin da kika bari ya zama sadaka mai gudana, wanda ake so da wanda ba a so a ji. Ya sauke ni lafiya, Ya tsare 'ya'yan matan bakin kogi. Amin.

'Yarki da ta gaji taurin kanki,
Hafsatu